Abin da Zai Maye Gurbin Tsohuwar Amfilifayar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma kan keken ɗinkinta. Ƙanwarmu kuwa tun da ta samu aiki a kantin magani, ko atishawa ka yi sai ta faɗa maka sunan ciwonka.

Na ga hoton na'urar jita da kake son saya wa Baba, mai babban gilashi kamar waya, wadda ka ce tana kwaikwayon amfilifaya iri-iri, wato akwatin ƙara sautin jita, har da abin sawa a kunne. Allah ya saka da alheri. Amma Yaya, ka dakata tukuna, ka ji abin da na gani.

Ka san tsohuwar amfilifayarsa sai mutum biyu ke ɗaga ta. Duk ranar da nake wurin aiki, shi kaɗai yake jan ta har bakin titi, in Umma ta yi magana ya ce ai tare suka tsufa, sun san nauyin juna. Likita ya gaya masa ƙiri-ƙiri, in bai daina ba, ciwon baya zai kwantar da shi. In kuma aka raba shi da kiɗan, ni da kai mun san wannan ma kwanciyar ce.

Shi ya sa na je wurin mai shagon kayan kiɗa, ya ara mana wata na'ura da ke sauraron amfilifaya ta kwafe sautinta. Da ya haɗa su a falo, abin ya yi ta fito da ƙara, har Umma ta leƙo ta ce in mun gama kashe ta mu faɗa mata. A wurin atisayen kiɗa muka haɗa na'urar da manyan sifikun da ke kan sanduna. Na rufe ido na kasa bambance sabon sautin da tsohon, mai gangar da ke kiɗa tare da Baba ma haka. Amma Baba na farawa sai ya riƙa saɓa wa ganga, abin da ban taɓa ji daga hannunsa ba. Ya ajiye jitar ya ce wannan abu ba shi da rai. Mai shago ya raɗa mini cewa tsofaffi haka suke da sabon abu.

Ban yi gardama ba, na dai zuba ido. Da muka mayar wa Baba da tsohuwar, sai na lura duk zaman da zai yi, yana jingina ƙwaurinsa na hagu a jikinta. Na duba wurin, fatar amfilifayar ta goge har katako ya fito. In ganga ta yi ƙarfi, sai ya ƙara danna ƙafar. A gida kuma na ga yana juyo da kunnen dama in ana magana, rediyonsa har maƙwabta na ji. Yaya, kunnen Baba ya yi nauyi. Rabin kiɗan nan da ƙafa yake jin sa.

Sai na koma na aro ƙaramar sifika ta katako, wadda hannu ɗaya ke ɗauka, na haɗa ta da na'urar, na ajiye a ƙasa gefen kujerarsa. Yana zama ƙafar ta laluba ta same ta. Ya kaɗa waƙa tun daga farko har ƙarshe bai kauce ba. Da ya gama ya ce ashe yaron shagon nan ya ji kunya ya gyara abinsa, sannan ya ce in ƙara masa kaurin sauti kaɗan.

To ga abin da za ka nema. Ƙaramar na'ura, wadda ke iya kwafe sauti, mai maɓallan murɗawa irin waɗanda hannunsa ya saba da su, domin Baba ba zai tsaya laluben gilashi a gaban mutane ba. Sifikar kuma lallai ta katako. Na gwada ta roba da ƙafata, ba ta girgiza yadda ya kamata. In ka je shagon ka zauna, ka jingina ƙafarka a jikinta ka ji, ko za su yi maka dariya. Abin kunnen ka bar musu.

Abu ɗaya nake roƙo. In kun yi waya da Baba, kada ka ta da zancen kunnen. Ka ɗan ɗaga murya kawai, ka ce saboda bayansa ka saya, wannan ya riga ya yarda da shi. Yana da kiɗa ƙarshen wata mai zuwa. In kayan sun iso kafin nan, da hannunsa zai ɗauka ya shiga, ni jitar kawai zan riƙe masa.

Umma na gaishe ku, ƙanwarmu ma. Ka gaida Anti da kyau, ka shafa mini kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Ƙaninka