Kawu Hamani da injin waldarsa

Talata, bayan isha'i, Kirkisoye

Har yanzu haushi bai sake ni ba. Ɗazu da rana Kawu Hamani ya kawo injin waldarsa gyara ataliye, shagon da nake aikin gyaran kayan lantarki. Muka jona, muka gwada, sai ya zare waya ya kama kwance murfin da kansa.

Na ce, "Kawu, dakata. Diyod ne ke juya kuran, wato lantarkin gari, ya bi hanya guda, kondansatar kuma ta tara shi. Ko an zare waya tana riƙe da wuta. Bari in sauke mata wutar tukuna."

Ya yi mini dariya. "Ke Hadiza, tun ba a haife ki ba nake walda. Abin da ba a jona ba, ina zai samu wuta?"

Ya cusa hannu. Sai ji muka yi tas! Ya faɗi kan benci, yatsu biyu sun ƙone, na hannun dama kuma, wanda yake ci da gidansa da shi.

Ni na kai shi likita. A hanya wai har da cewa, "Ai da kin ɗaga murya."

Na haɗiye fushina, na ce, "Allah ya sawwaƙe, Kawu."

Injinsa yana nan a lungu. Wallahi ba zan taɓa shi ba sai ya ce da bakinsa, "Kin faɗa."