Masaukin da tagarsa ke kallon ɗakin gumaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah ka sakaya sunana, garinmu ƙarami ne, ko tari ka yi an san naka ne. Don Allah ku ba ni shawara, wanda kuma zai zage ni ya zaga, ni yanzu zagi ba ya shiga jikina.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Ɗanbatta da Kunci, ina ɗan taɓa noman gyaɗa da gero. Ni kaɗai na rage wa mahaifiyata, sauran duk sun rasu tun suna ƙanana. Bara aka gano Inna tana da ciwon daji a mama, aka yi mata aiki a Kano, likita ya ce saura gashi, wato a riƙa sa ta a inji kusan kullum har wajen wata biyu. Mun yi sintiri har na gaji da lissafi, yau a ce inji ya lalace, gobe a ce layi ya yi tsawo, ƙarshe likitan ya ja ni gefe ya ce in da hali in fitar da ita Indiya. Na sayar da shanun huɗa, na jinginar da gonar fadama, dangi da mutanen gari suka yi karo-karo, a wannan marra da kwanon masara ke gagarar magidanci. Kafin mu gama haɗawa dala ta sake tashi, abin da muka tara ya zabge. Duk da haka biza ta fito, tikiti yana hannu, sati mai zuwa ne tafiyar.

To asibitin ba ya ba mai gashi gado, ɗaki za ka kama a waje kana zuwa kana komawa. Akwai wani mutumin Gezawa da ke aikin tafinta a can, shi ya turo min masauki biyu. Na farko a unguwar Musulmi yake, ga masallaci ga mahauta, amma da tsadarsa kuɗinmu rabin gashin kawai zai kai. Na biyu yana wata tsohuwar unguwa da Turawa 'yan yawon buɗe ido suke cika, irin masu goya ƙatuwar jaka a baya suna neman ɗaki mai arha. Tafinta bai ɓoye min komai ba, ya ce akwai kiɗa da hayaniya, akwai mashaya, akwai 'yan mata da gajeren wando, kuma unguwar kewaye take da tsofaffin ɗakunan bautar Hindu, su ne ma abin da Turawan ke zuwa kallo, da asuba ƙararrawa za ka ji. Amma ɗakin a ƙasa yake ba hawa bene, da banɗaki a ciki, da kicin na haɗaka inda zan iya tuƙa mata tuwo in dama mata kunu, kuma hawan keke napep ɗaya ne zuwa asibiti. Da shi kuɗin zai kai mu har ƙarshen magani. Wallahi ban yi dogon tunani ba na ce ya riƙe mana shi.

Sai na tura hotunan ɗakin a guruf ɗinmu na dangi, don waɗanda suka ba da kuɗinsu su ga ba otal ɗin alfarma zan je in kwanta ba. Ashe a hoto ɗaya taga a buɗe take, ga ɗakin bauta nan ƙato, da gumaka jere a jikinsa an rataya musu furanni. Ni gado da fanka na duba, su kuma taga suka duba.

A nan sai na gaya muku wace ce Inna. Asalinta Bamagujiya ce, a wata unguwar Maguzawa ta tashi, mahaifinta yana da wurin da yake yanka a gindin tsamiya. Ta musulunta lokacin da za ta auri Babanmu, Allah ya ji ƙansa, yau shekara arba'in da wani abu. Tun daga ranar take kaffa-kaffa. Ba ta bin hanyar da ta ratsa ta gindin tsamiya ko da ita ce mafi kusa, ba ta kiwon jan zakara don kada a ce na yanka ne, da mahaifinta ya mutu ba ta je ba, a ɗaki ta yi kukanta. Ta yi karatun allo da girmanta, azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta. 'Yan uwanta yanzu Kiristoci ne, mutanen kirki, amma ko gaisuwa sai dai su zo, ita ba ta zuwa.

Gwaggona, ƙanwar Baba, ita ta fara sako murya a guruf. Ta ce ita ba ta ce komai ba, amma duk faɗin Indiya a rasa inda za a sauke Inna sai ƙofar gunki, ai dama kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce a bari, amma kafin la'asar maganar ta kai bakin rijiya, kafin magariba wata mai zuwa dubiya ta kunna wa Inna muryar da kanta, wai don ta sani.

Na zaci za ta yi kuka, ba ta yi ba. Ta ce min ita gumakan ba su dame ta ba, dutse ne da itace, a gindin irinsu ta girma ba su taɓa yi mata komai ba. Abin da ya dame ta shi ne in ta cika a ɗakin nan, abin da za a faɗa a zaman makokinta ke nan, cewa Bamagujiya ta koma gida, shekara arba'in ɗin nan duk sun tashi a banza. In kuma ta warke, za a ce wa ya san wanda ta roƙa. Ta ce in kama mata na unguwar Musulmi a yi rabin gashin, sauran a bar wa Allah, ko kuma in bar ta a ɗakinta.

Na je wurin liman, ya ce ƙasa duk ta Allah ce, in wuri yana da tsarki salla ta yi, kuma neman magani wajibi ne. Na kawo mata wannan, ta ce gaskiya Malam ya faɗa, amma ba Malam ne zai zauna da matan gari a tsakar gida ba. Na kira likita, ya ce rabin gashi kusan asarar kuɗi ne, ciwon zai dawo. Ƙanenta, Kawu, da ya ji labari ya zo har gida ya ce zai sayar da saniyarsa ya cika mana kuɗin masauki mai tsadar, ta yi masa godiya ta ce a'a, in aka ji kuɗin coci ne ya kai ta, an ba Gwaggo wata waƙar. Mutumin nan ya fita yana share ido da hularsa. Tafinta ya nemi wani ɗakin mai arha a wani wuri, duk wanda ya samu ko bene hawa huɗu ne ko nisansa ya fi ƙarfin mara lafiya. Ya ce to mu sauka a mai arhar mu ce wa gari mun canja, wa zai bi mu? Na gaya mata, ta ce ita ba za ta je neman lafiya da ƙarya a bakinta ba.

Ni kuwa wallahi ban san me nake ji ba. Ba na jin haushin Gwaggo, na gwada ma abin ya ƙi. Ina shiga aji in rubuta darasi a allo, yara su kwafa, in dawo in zauna a ƙofar ɗakin Inna ina jin tana jan carbi. Matata ta ce in yi kuka ko zan samu sauƙi, to daga ina? Abinci ma sai an tuna min.

Fasfo da kuɗi duk a hannuna suke, kuma Inna ba ta karatun boko, ba ta jin Turanci. In na ga dama zan iya ce mata na kama na unguwar Musulmi, sai mun sauka ta ji ƙararrawa, lokacin ba ta da yadda za ta yi. Na san za ta shiga ɗakin, ba za ta yi min gardama a ƙasar mutane ba, kuma na san ba za ta ƙara kallona kamar da ba. Tafinta ya ce zuwa jibi in ba shi amsa ko mai ɗakin ya ba wasu.

Jama'a ku gaya min tsakani da Allah, musamman waɗanda suka taɓa jinyar uwa. In yaudare ta in kai ta inda za a gama mata magani, ta dawo da ranta ta zauna da bakin mutane da kuma haushina? Ko in bi maganarta, in kai ta inda take so, in zauna ina kallo kuɗin ya ƙare a tsakiyar magani, in dawo da ita gida ta mutu da sunanta mai kyau? Ɗazu da na kai mata kunu ta riƙe hannuna ta ce ta san ni ɗan halak ne, ba zan kunyata ta ba, ni kuma na ce mata to.