Na Ce Ban San Kawuna Ba A Gidan Abincin 'Yan Sin

Assalamu alaikum, mai shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, ni ma kullum cikin zagin kaina nake.

Ni malamar makaranta ce a Maradi. Ƙanin mahaifiyata shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, ina aji uku. Ya daɗe a Paris, kuma duk unguwarmu an san shi da Alhaji mai turo kaya daga Faransa. Bana Allah ya nufa na je hutu wurinsa a La Courneuve, wata unguwa a gefen Paris. Ɗaki ɗaya ne, ya bar mini gado ya koma kan kujera. Kowace safiya zai sa kwat, ya ɗauki jaka ya ce, "'Yata, na tafi biro." Ban taɓa tambayarsa ina biron, wato ofishin, yake ba.

Bayan mako guda na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, wurin 'yar yayar mahaifiyata, bari in kira ta Rabi. Ita ta fara kai ni cin abincin 'yan Sin, ta yi ta dariya ina kokawa da tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su, shinkafa na zubewa a zanena. Da zan koma Paris sai ta ce za ta raka ni da ƙawayenta biyu, don lokacin bikin sabuwar shekarar 'yan Sin ne. Muka sha kallo: jajayen fitilu, ganguna, wani dogon dodo na ƙyalle da mutane suka shiga cikinsa suna rawa. Da yunwa ta kama mu muka shiga wani gidan abinci na Musulminsu, inda ake miƙe taliya da hannu a gabanka. Na ɗaga waya ina ta ɗaukar Rabi tana zuƙar romo.

Rabi ta fita amsa kira. Ina ɗaga kai sai ga Kawu, da ƙyallen aiki ɗaure a ƙugu, hannunsa cike da kwanuka masu datti. Muka haɗa ido. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta ce, "Wannan tsohon kamar Bahaushe, ga tsaga a fuskarsa. Kin san shi ne?" Jama'a, me ya shiga kaina? Kunyar wa na ji, matan da ko sunan babansu ban sani ba? Na ce, "A'a, ban san shi ba." Ya ji. Ya matso a hankali, ya tambaye ni da Faransanci ko madam ta gama, ya ɗauke kwanona ya shige ciki. Har muka tafi bai sake fitowa ba, Rabi kuma ba ta gan shi ba.

Kwana biyun da suka rage mini bai tayar da maganar ba. Shi ya ɗaukar mini akwati har filin jirgi. Abin da kawai ya ce shi ne, "Ki gaida Yaya. Allah ya yi miki albarka."

Da na dawo gida na ɗora bidiyon Rabi a waya don ƙawaye su gani, ban lura ba ashe tun kafin in gan shi Kawu ya gifta ta bayanta, fuskarsa tar. Kafin in goge wani ya kwafe. Cikin kwana uku ya zaga gari, ana cewa ga Alhajin Paris yana wanke-wanke. Da yake fuskar Rabi da dariyarta ke ciki, kowa ya ce ita ta tona shi. Matar Kawu, da ke nan Maradi, ta je har gida ta wanke mahaifiyar Rabi tas. Mahaifiyata ta daina gaisawa da yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya. Rabi ta kira ni tana kuka: "Kowa yana ɗauka a ranar, ban san wayar wa ba ce. Ke kina wurin, ki faɗa musu ban ma gan shi ba!" Na ce mata ta yi haƙuri, zan yi magana. Wata biyu ke nan.

Mahaifiyata ta zaunar da ni ta ce, "Tsakaninki da Allah, kin san wanda ya yi wannan?" Na ce ban sani ba. Karo na biyu ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai, Kawu ya san waya a hannun wa take, ya gan ni da idonsa. Bai faɗa wa kowa ba. Yana rufa mini asiri, ni da na tona nasa. In na yi magana, mahaifiyata za ta ji abin da na ce a gaban ƙaninta, ban san ko za ta sake kallona ba. In na yi shiru, Rabi ce za ta ci gaba da ɗaukar zunubina. Jiya na danna lambar Kawu, na ji sallamarsa, na kashe.

Da wa zan fara, kuma da wane baki? Don Allah, me zan yi?