Ranar da Na Kashe Tsoho Mai Guga

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman birni? Mu nan lafiya ƙalau, in aka cire bakina, wanda Innarki ta ce a kai shi wajen Tela a yi masa ɗinki biyu.

Na kira ki sau goma sha ɗaya ba ki ɗaga ba, shi ya sa na yagi bayan kalanda na ari biro. Direban motar safe zai kawo miki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu na tsaya, shi ma na huɗun ta taga na fi halartarsa.

Na san kin ga bidiyon. Ina so ki ji yadda aka yi daga bakin mai laifin.

Ran Asabar da yamma shagon askina ya cika, kamar kullum in za a sa fim ɗin nan na 'yan Koriya da kike juya maganarsa zuwa Hausa. Benci biyu maƙil, wasu a tsaye bakin ƙofa. Ana cikin kashi na goma sha tara sai aka nuna Tsoho Mai Guga yana karɓar ambulan a hannun wani mai baƙar kwat, ya cusa a riga yana waige-waige. Shago ya kaure. Tela ya miƙe ya ce, "Ban faɗa muku ba? Tsohon nan munafuki ne. Ya sayar wa Mai Tabarau shari'ar 'yarsa Lauya! Tun kashi na uku nake lura da shi, ba ya haɗa ido da kowa." Mai Faci ya ce, "Wasan ma bai iya ba. Kullum hannu na rawa kamar ya taɓa wayar lantarki. Dogon Likita ne kaɗai ɗan wasa a fim ɗin nan." Dogon Likita fa, Uwata! Mutumin da ya yi kashi goma sha tara da fuska ɗaya kamar hoton katin shaida.

Na daure. Wallahi na daure har na gama gefe guda na kan Hedimasta. Sai Tela ya ce, wai duk uban da ya cika wasa da dariya irin tsohon nan ba a ba shi amana. Kuma da ya faɗa, ni ya kalla ta madubi.

Ban san sanda na ajiye injin aski ba. Na ce, "Takardar asibiti ce a ambulan ɗin! Ciwo gare shi, yake ɓoye wa 'yarsa don kada ta bar shari'ar ta zauna jinya. A kashi na ashirin da huɗu zai mutu, a kan teburin gugarsa!" Aka ce a ina na sani. Na daki ƙirji na ce, "'Yata ce ke sa musu magana a baki! A ɗakina na gani, a kwamfutarta!"

Ashe Mai Caji ya ɗaga waya yana ɗauka tun daga farko.

Na tuna alkawarin. Na tuna ranar da kika zo hutun ƙarshen mako kina aiki, na dame ki har kika nuna mini, ko Hausar ba ki sa ba tukuna, kika riƙa gaya mini abin da ke faruwa, kika sa na rantse sau uku. Laifina ne. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, ɗan lokacin da shagon ya yi tsit kowa na kallona, ban taɓa jin na yi tsawo haka ba, ni da ake sa wa katako in zan aske dogon mutum.

Ki gaya mini girman ɓarnar. Innarki na gaishe ki. Ni ma ina gaishe ki, in ana karɓar tawa.

Ubanki, Mai Aski.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarka. Ina fata kana lafiya, kai da Inna.

Ka tambayi girman ɓarnar. Mutum dubu arba'in suka kalli bidiyon zuwa safiyar yau. A ƙarƙashinsa wata ta rubuta cewa wata biyar tana jiran ta ga asirin tsohon ya tonu, ka raba ta da daɗin zaginsa. Wani ya ce ya daina kallo, tunda an gaya masa ƙarshe. Wata kuma ta ce ta fara kukanta tun yanzu don ta rage na ranar.

Baba, kafin a ba ni aikin nan na sa hannu a takarda cewa abin da ba a nuna ba ba zai fita daga hannuna ba. Manaja ya dakatar da ni. Ran Alhamis ta makon gobe zan zauna gabansa. In masu fim ɗin suka ji, suna iya ƙwace shi daga hannunmu, kuma mu goma sha ɗaya ne muke ci daga gare shi, har da masu sa murya.

Ban ɗaga waya ba ne don ina tsoron abin da zan faɗa wa mahaifina.

Roƙona ɗaya. Kada ka yi komai. Don Allah, Baba, kada ka gyara.

Ka gaishe da Inna.

'Yarka.

*

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Na karanta wasiƙarki sau huɗu, na gane inda kika ce kada in gyara. To, na gyara.

Tsaya ki ji kafin ki yaga takardar. Na zauna na yi tunani, abin da ban saba ba, har kaina ya yi zafi. Na ce shekara talatin ina aski a layin nan, wa ya taɓa yarda da maganata? Ni ne na ce na taɓa aske wa mutum kai a kan babur yana gudu. Rana ɗaya tak na faɗi gaskiya, ita ce ta jawo bala'i. To me zai hana in binne ta a cikin 'yan uwanta?

Na kira Mai Caji na ce ya kawo wayar nan tasa mai tsegumi. Ran Laraba na sa farar riga na kalli waya na ce, sabon labari daga majiya mai ƙarfi, Tsoho Mai Guga ba zai mutu ba, tagwaye ne su biyu. Ran Alhamis na ce Mai Tabarau, muguwar nan da kowa ke tsine wa, ita za ta auri tsohon su buɗe gidan wanki. Ran Juma'a na ce Dogon Likita aljani ne, shi ya sa fuskarsa ba ta motsi. Wannan kam mutane da yawa sun ce sun yarda. Zuwa jiya na ba fim ɗin nan ƙarshe guda bakwai. Mai Caji yana karanta mini abin da ake rubutawa: "Ashe tsohon nan tatsuniya yake." "A sa shi a fim ɗin, ya fi Likita iya wasa." Matar da kika ce na raba ta da daɗin zagi ta dawo bakin aikinta, yanzu mu biyu take zagi, ni da Mai Guga.

Saura abu ɗaya, gara ki ji daga gare ni. Ana cikin ɗauka jiya sai Tela ya jefo tambaya, "To 'yar taka da ka ce ita ke rubuta musu magana fa?" Waya na kallona, shago na kallona. Na ga in na ce eh, duk aikin kwana shida ya rushe. Sai na yi dariya na ce, "Wace 'yar? Shayi take dafa musu a ofishin."

Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Da aka watse na shiga bayan labule inda nake wanke reza, na daɗe ban fito ba. Na yi ƙarya iri-iri a rayuwata, Uwata, duk suna wucewa sumul kamar ruwa. Wannan kam ta ƙi wucewa, har yanzu tana nan.

Innarki ta gani. Yadda take dire mini kwano yanzu, maƙwabta na ji.

Allah ya ba ki sa'a ran Alhamis. Ki ce wa Manaja ubanki mahaukaci ne, akwai shaidu dubu arba'in.

Ubanki.

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna.

Na zauna da Manaja. Na tarar da shi yana kallon bidiyonka na aljani yana share hawaye don dariya. Ya ce, "Ashe babanki haka yake? To ai babu wata magana, koma bakin aikinki." Ƙofa a buɗe take, Baba, ka buɗe mini ita da kanka.

Amma na kasa bi ta cikinta. Na ce masa guda shida ƙarya ne, na farkon gaskiya ne, kuma ni na nuna maka. Ba zan iya cin abinci da sunan ubana maƙaryaci ne a kan rana ɗaya tak da bai yi ƙarya ba.

Ya kashe bidiyon ya dube ni. Ga hukuncin: aikina na nan. Amma kwamfuta ba za ta ƙara fita daga ofis ba, don haka Asabar da Lahadi a nan zan riƙa yin su har fim ya ƙare a kashi na talatin da biyu. Wata uku ke nan ba zan zo gida ba. Ka faɗa wa Inna da kanka, ni ba zan iya ba. Sannan ya ce kada sunana ya ƙara fitowa daga bakinka game da fim ɗin nan sai an nuna kashin ƙarshe, don kada maganar ta kai ga masu shi.

Maganar shayi ta fi bidiyon farko yi mini ciwo. Na san dalilinka. Duk da haka ta yi ciwo.

In kashi na ashirin da huɗu ya zo, ka kalle shi da kunne, ba da baki ba.

'Yarka.

*

Uwata, Uwata,

Gaisuwa a tsaye, don na kasa zama tun jiya.

An nuna shi. Shagon bai taɓa cika haka ba, har Hedimasta ya zo da kujerarsa daga gida. Na ɗauki tsintsiya na riƙe don hannuna ya sami abin yi.

Da Lauya ta buɗe ambulan ɗin ta ga takardar asibiti, Tela ya ce "Innalillahi," ya zame hularsa. Ta ruga shagon tsohon da rigar kotu a jikinta, ta ce ta fasa shari'ar, za ta zauna da shi. Shi kuwa yana ta guga, hannun nan na rawa, bai ɗago ba. Sai ya ce, "Je ki. Ni rigunan mutane kawai na iya miƙarwa, ke kuwa an ba ki abin da ya fi haka. Je ki, kuma kada ki waiwayo. In kika waiwayo za ki ga ina kuka, ki raina ni, alhali ƙura ce ta shiga idona."

Uwata, tsintsiyar ta faɗi. Wannan ai ni ne, a tasha, ranar da kika tafi makaranta da akwatin ƙarfe. Har ƙurar ba ki bari ba! Shekara tara, ina zaton hayaniyar mota ta cinye maganar. Ashe kin waiwayo.

Da tsohon ya kifa kan teburin, sai shago ya ɗauki salati. Mai Faci, wanda ya ce bai iya wasa ba, ya ce, "Ashe rawar hannun nan ciwon ne tun kashi na ɗaya. Kai, mutumin nan gwani ne, mu ne jakai." Tela yana jan hanci ya ce, "Wasan dabam, amma Hausar ce ta kashe ni. Duk wanda ya rubuta maganar nan, Allah ya yi wa uwarsa albarka." Na buɗe baki in ce da ubansa, na tuna Manaja, na rufe har haƙorana suka yi ƙara.

Tela ya juyo ya ce, "Mai Aski, ashe ka canka." Na ce, "Wanda ya yi harbi bakwai ai dole ɗaya ya samu." Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gaya wa 'yarka, in ta kai wa marubucin nan shayi, ta ƙara masa madara."

Na ce to, zan gaya mata. Ga shi na gaya miki.

Na faɗa wa Innarki maganar wata uku. Ta ce duk Asabar da ba ki zo ba a wuyana take, kuma ba ta yafe ba sai ta gan ki a ƙofa. Wannan ba ni da yadda zan biya. Amma na shagon zan iya. Ranar kashin ƙarshe, kafin kowa ya tashi, zan kashe talabijin, in sa Mai Caji ya ɗaga wayarsa, in gaya wa Tela da dubu arba'in ɗin nan wadda ta sa su kuka.

Ubanki, wanda ƙura ta sake shiga idonsa.

*

Baba,

Ina gaishe ka. Manaja ya ba ni Asabar ɗin ƙarshe. Zan zo, zan zauna kusa da Baba Tela, a gabana za ka faɗa.

Sharaɗi ɗaya. Abin da na yi kaɗai za ka faɗa. Ba ni na koya wa 'yan wasan wasa ba, ban iya yare goma sha biyu ba, kuma ba a aiko jirgi ya ɗauke ni ba. Gaskiya tsurarta, ba ƙari.

Mai shayi.

*

Uwata,

Na ji, na karɓa, Allah ya kawo ki lafiya.

Amma ba ƙari? Ko yare uku ba za ki bar mini ba? Na gwada a gaban madubi da safen nan, na faɗi gaskiyar tsurarta, sai na ga ashe ta isa. Da na maimaita, jirgin ya shigo da kansa.

Saura Asabar takwas. Ina ta gwaji.

Ubanki, Mai Aski.