Ashe Ba Wando Yake Nema Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Baba? Yana shan maganin kuwa, ko har yanzu ƙarƙashin matashi yake tura shi?

Ni lafiyata lau. Guga nake yi a otal, tsayuwa ce dai wuni guda, amma ƙafa ta fara sabawa. Ko wannan ma kada Inna ta ji.

Kin tuna waƙar Turawan nan mai jita da Baba yake sawa a shagon ɗinki, wadda muke jin kamar mawaƙin yana ihun "ina wandona"? Baba ya riƙa amsa masa, "Dawo gobe, ban gama ba!" To, shekaranjiya sai ga ta a rediyon ɗakin guga. Na fashe da dariya ina bin amshin. Wata dattijuwa da muke aiki tare, mai jin yaren, ta ce, "'Yata, me ya ba ki dariya? Mutumin nan yana can yawon waƙa mahaifinsa ya rasu, bai same shi ba. Cewa yake: jira ni, ina hanya."

Yaya, rigar da nake gogewa sai da ta ƙone.

Don Allah ki aiko min da hoton Baba a kan kekensa na ɗinki. Kada ki faɗa masa ma'anar waƙar. In ya sa ta, bar shi ya ce wa mutumin ya dawo gobe. Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa in dawo in same ku duka.

Ƙanwarki,
Auta