Bugu Goma Ga Mai Rai

Rhondda, 3 ga Maris

Gethin,

"Muddin ina numfashi, ba za a kwance igiya ko ɗaya daga fagen damben nan ba." Kai ka faɗa, a bakin kabarin Babana, hannunka a kafaɗata, kana kuka har da majina. Na sa maganar gaba da gaisuwa ne don kada ka ce ka manta. To, yanzu ina gaishe ka, da fatan kana nan kana numfashi.

Jiya ina jera littattafai a laburare aka kunna mini hirarka ta rediyo. Wai dambe ya mutu a kwarin nan, binnewa kawai ta rage. Da yamma na je buɗe kulob ɗin dambe, sai na tarar da wasu mutum biyu suna auna bango, yara kuma na tsaye a ruwan sama da safar dambe rataye a wuya. Wai gidajen haya za a yi.

Baba ya tsallake ni, 'yarsa tilo, ya bar maka ginin nan, don a ganinsa ɗan dambe ba ya sayar da fage. Ban yi musu ba. Ni na ci gaba da buɗe ƙofa, ni nake wanke tawul mai jini, ni nake ɗinke buhun naushi. Kai kuwa a teburinmu ka girma, kana wawure mini dankali, har Baba ya kai ka ga kambun Wales. Ina jiran bayani.

Na gaishe ka iyakar yadda ka cancanta,
Nerys Probert

Cardiff, 7 ga Maris

Nerys 'yar'uwata, malamar littafi,

Gaisuwa mai yawa. Kai, har yanzu bakinki ya fi naushin hagun Baba Emlyn zafi!

Ki kwantar da hankali mu yi magana ta manya. Wa yake kallon dambe yau? Yara sun koma faɗan cikin keji, ko su zuba ido a waya suna kallon wawaye biyu na intanet suna marin iska. Masu haƙar kwal da suke cika mana zaure duk suna makabarta. Rufin nan yoyo yake tun ina ɗan sha huɗu. Maganar bakin kabari kuwa, haba Nerys, kowa ya san zuciya ce take magana a irin wannan rana.

Zan sa a manna allo mai sunan Baba Emlyn a bangon sabon ginin, mai kyau. Alfarma ɗaya nake nema: ki aiko mini da tsohuwar ƙararrawar kulob. Ina so in ajiye ta kusa da ni, don tunawa da shi.

Naki har kullum,
Gethin

Rhondda, 10 ga Maris

Nerys yarinyata,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya tsufa.

Kada ki ba Gethin ƙararrawar nan. Ranar Lahadi ya zo cin abinci, na ji shi a lambu yana waya da masu sayen, yana dariya. Ya ce ya samo musu abin ado da za su rataya a ƙofar shiga, wai masu haya suna son irin wannan tarkacen. Tarkace, Nerys! Na ɗauki naman da na gasa masa na ba kare.

Bai sa hannu a takardar cinikin ba tukuna, sai Litinin mai zuwa. Lokacin da ubansa ya gudu ya bar mu, babanki Emlyn ne ya ɗauko shi daga titi. Ni na haife shi, amma ban haifi wannan halin ba. Zan zo wasan damben da za ku yi ranar Asabar. Ki ajiye mini kujera kusa da teburin ƙararrawa, akwai abin da zan roƙe ki.

Antinki,
Eirlys Vaughan

Rhondda, 12 ga Maris

Gethin,

Gaisuwa. Allonka ka riƙe.

Tikitin wasan Asabar ya ƙare tun shekaranjiya, layi har bakin shagon soya kifi. Cikin masu karawa akwai 'yan mata, ɗaya jikar Huw mahauci ce, wanda ya fasa maka hanci. Na karanta labarin mutuwa iri-iri, ban taɓa cin karo da gawar da ake rububin kujera don kallonta ba.

Ka san al'adarmu. Idan ɗan dambe ya rasu, kafin turmin farko zaure duka ya miƙe, a cire hula, a kira sunansa, a buga ƙararrawa sau goma. Kai ka buga wa Baba. Ka kuma ce muddin kana numfashi fagen nan na nan. Tunda fagen zai tafi, ni dai na ɗauke ka a kan maganarka.

Na ba ka zuwa azahar ɗin Juma'a ka zo kulob, ka kira mutanen nan a gabana ka ce ka fasa. In ba ka zo ba, ranar Asabar zan sauke hotonka daga bango, in hau fage in kira sunanka, Gethin Vaughan, tsohon zakaran Wales, a buga maka gomanka. Daga nan ka sayar da abin da ka ga dama. Ka shigo kwarin nan ka ga ko akwai mai amsa gaisuwar mamaci.

Ƙararrawar da kake nema, za ka ji ta. Mahaifiyarka ta roƙi a bar ta ita ta riƙe gudumar bugawa. Na ba ta.

Sai Juma'a,
Nerys