Zaman Asabar da Sunan Ɗan Fari

Dukawuya, Kano

Zuwa ga Yaya Ɗalha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Luba da yara. Nan ƙafar Goggo Hajo ta yi sauƙi, Zaituna ta tashi daga zazzaɓi, Bahijja ƙalau take. Wanda ba shi da lafiya shi ne babban ɗanka na wajena. Ka yi haƙuri da rubutuna, sai da na yi furfura na koyi riƙe biro. A waya ba zan iya faɗa ba, gidan nan ko tari ka yi sai an ji.

Abin da ake raɗawa gaskiya ne, giya yake sha, tun bayan rasuwar mahaifinsa. An ba shi rubutu, an yi masa hayaƙi, an sa shi rantsuwa, duk a banza. Shi da kansa ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce ya gaji. Wai ya ji ana wani zama na waɗanda suka daina sha, suna taimakon juna, amma bai san inda ake yi ba.

Yaya, na wahala. A cikin gari wa zan tambaya? Mai kemis ɗin unguwarmu surukin Baffa Tanko ne, ƙanen mahaifin yaron. Sai na hau adaidaita zuwa asibitin da ba a san ni ba, na ce ɗan maƙwabciyata ne. Wannan ofis ya tura ni wancan, har wata nas ta ba ni lamba. Na kira, a kashe. Na koma, aka ce masu zaman sun tashi. Ni da yaron muka je inda aka kwatanta, ƙofa da kwaɗo. Mai gadi ne ya ce sai Asabar bayan la'asar.

Yanzu yana zuwa. Aji ne a wata makaranta bayan ganuwa. Na zaci allura za a yi masa, ashe kujeru ne da shayi da surutu. In na tambaye shi me aka ce, sai ya ce maganar ɗakin a ɗakin take tsayawa. Ni da ƙafata ta kumbura wajen nemo ɗakin. Amma dai yana dawowa ba wari, yana kuma buɗe shagon ɗinkinsa da wuri.

Ka sa shi a addu'a.

Ƙanwarka,
'Yardada

Dukawuya, Kano

Zuwa ga Yaya Ɗalha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Nan kowa lafiya sai ni, ba na iya cin abinci. Ban ga amsarka ba.

Ya sake sha, a bikin wani abokinsa. Baffa Tanko ya tsince shi a zaure. Da ya ji labarin zaman sai ya ce ba a taɓa tara mashaya a ɗaki ɗaya a kira shi magani ba. Ya yanke cewa ranar Juma'a bayan an sauko za su kai shi gidan mari. Na ga ɗan ƙawata Fanna da ya dawo daga irin wurin nan, har yau tabon ƙarfe na ƙafarsa, kuma bai daina ba.

Abin da Baffa bai sani ba, Asabar ɗin da ta biyo baya yaron ya koma da ƙafarsa. Ranar ta dace da wadda ake barin iyali su shiga, sai na bi shi. Ya miƙe a gabansu ya faɗi sunansa, ya faɗi abin da ya yi. Babu wanda ya zage shi. Wani direba mai suna Nazeer, wanda ya daɗe da dainawa, ya ce shi ma ya sha faɗuwa kafin ya tsaya.

Daga nan aka zo kan iyaye. Kowa ya faɗi wajen wa ya zo. Yaya, ka san ɗan fari ne, tunda na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba. Na ce na zo ne saboda wani yaro. Suka jira in faɗi sunansa, na koma na zauna. Wasunsu ba su gane cewa kunya ce irin tamu ta mutanen da ba, wata mata har ta dafa ni ta ce in daina gudunsa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai. A hanya ya ce ya san al'ada ce, amma ya ji labarin ɗan maƙwabciya da na faɗa a asibiti, yau kuma ya zama wani yaro. Da muka shigo gida na wuce ɗakina. Haushin kaina nake ji, da na Baffa, da na shirunka.

Baffa ba zai saurari mace ba, amma kai kawunsa ne, yana jin nauyinka. Ka zo, ko ka aiko da amsa a hannun direban da ya kawo wannan, kafin Juma'a. Ka ce a bar shi ya ci gaba da zuwa zaman.

Don kada ka ce ba ka gane wanda nake nufi ba, ga shi na rubuta da hannuna. Mikail. Ni na haife shi. Ranar Asabar, in an bar min shi, da baki zan faɗa.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
'Yardada